Yadda Ake Horar Da Sabuwar Firi-amf Mai Bawul: Darasin Sa'o'i 100 Na Farko

Duk mai yawan leƙa bidiyon kayan sauti a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da wata 'yar na'ura mai ƙananan kwalabe na gilashi a samanta, suna haske ja-ja kamar garwashi. Waɗannan kwalabe su ne tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira bawul, ita kuwa na'urar firi-amf ce. A da sai mai hannu da shuni ke iya mallakar irinta, amma yanzu kamfanoni irin su Fosi Audio da Douk Audio da FX-Audio suna ƙera ƙanana masu sauƙin kuɗi, shi ya sa matasa da dama ke sayo su don haɗawa da waya da sifikun ɗaki.

Matsalar takan fara ne a daren farko. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya jona komai, sai ya ji sautin bai kai yadda ya zata ba, ko ya ji wani ɗan gurnani a cikin sifika. Idan ya tuntuɓi mai sayarwa sai a ce masa ya yi haƙuri, na'urar ba ta gama horuwa ba, ya ba ta sa'o'i 100. Wani lokacin wannan magana gaskiya ce, wani lokacin kuma dabara ce ta cinye kwanakin da aka ba mai saye ya mayar da kaya idan ya ga aibi. Wannan darasi zai bayyana abin da ke sauyawa a cikin sabuwar firi-amf, da abin da ba zai taɓa sauyawa ba komai daɗewar jira, da kuma matakan da ake bi don kada a ƙona na'urar ko sifika tun a makon farko.

Mene ne aikin firi-amf?

Sauti yana bin matakai huɗu kafin ya iso kunne. Na farko shi ne tushe, wato waya ko kwamfuta ko na'urar faifai. Na biyu firi-amf. Na uku babbar amfilifaya, wadda ke samar da ƙarfin da zai motsa sifika. Na huɗu su ne sifikun kansu. Aikin firi-amf uku ne: ta zaɓi tushen da za a saurara, ta daidaita ƙarar sauti, sannan ta ɗaga siginar da ta yi rauni zuwa matakin da babbar amfilifaya ke buƙata. Ba ta da ƙarfin tuƙa sifika ita kaɗai. Wanda ya sayi firi-amf ba shi da babbar amfilifaya ko sifiku masu amfilifaya a cikinsu, to bai gama sayayya ba tukuna.

Saboda tana farkon layi, duk abin da firi-amf ta ƙara a kan sigina, mai daɗi ko marar daɗi, babbar amfilifaya za ta ninka shi. Shi ya sa ƙaramin aibi a cikinta ke fitowa ɓaro-ɓaro a sifika.

Abin da ke cikin kwalbar

Bawul ya girmi taransista da fiye da shekara 40. A 1904 John Ambrose Fleming na Ingila ya ƙera bawul mai sassa biyu. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya fito da nasa mai suna Audion, wanda ya zo da sashe na uku, kuma wannan sashe shi ya ba bawul ikon ɗaga sigina. Rediyo da talabijin da kwamfutocin farko duk da bawul suka yi aiki. Kwamfutar ENIAC ta ƙunshi sama da 17,000. Taransista ya bayyana a 1947 a ɗakunan bincike na Bell, sannu a hankali ya kori bawul daga kusan ko'ina, in ban da wurare kaɗan kamar amfilifayar jita da kayan sauti na gida.

A cikin kwalbar, wadda aka zuƙe iskar cikinta, akwai abubuwa huɗu. Akwai hita, siririyar waya mai yin ja idan wuta ta bi ta. Akwai katod, ɗan bututun ƙarfe da hitar ke gasawa har zafinsa ya kai wajen digiri 750 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas. An shafe shi da sinadaran bariyam da sitirontiyam, waɗanda ke sakin ƙwayoyin lantarki idan sun ɗau zafi. Akwai faranti, wanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfi don ya janyo ƙwayoyin nan. Sai raga, wadda ke tsakanin katod da faranti. Siginar waƙa a kan ragar take sauka, kuma ɗan motsin da ta yi ya isa ya buɗe ko ya tsuke hanyar ƙwayoyin lantarki, kamar yadda yatsu biyu ke juya kan famfo su sarrafa ruwan tanki guda. Ta haka ƙaramar sigina ke zama babba.

Bawul ɗin da aka fi samu a firi-amf shi ne 12AX7, wanda kamfanin RCA ya fitar a ƙarshen shekarun 1940, Turawa kuma ke kira ECC83. Ƙarfin ninkawarsa a takarda 100 ne. Akwai 12AT7 mai 60, da 6922 mai 33, da 12AU7 da 6SN7 masu wajen 20. Ƙananan na'urori masu araha sun fi zuwa da 6J1 na Sin ko 5654 na Amurka, masu ƙafa bakwai. Har yanzu ana ƙera sababbin bawul, musamman a Sulobakiya inda JJ Electronic yake, da birnin Saratob na Rasha, da kuma Sin.

Dalilin da ya sa mutane ke son sautin bawul shi ne irin ɗan gurɓatar da yake yi. Idan aka ba shi sauti mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, yakan ƙara ɗan raunannen 880 a kai, wato ninki biyu cif. Kunne yana jin wannan ƙari a matsayin kauri da taushi. Wannan hali yana cikin ƙirar na'urar tun daga masana'anta, ba horo ke kawo shi ba.

Me ake nufi da horo?

Duk wanda ya taɓa sayen sabon babur ya san ronin: kwanakin farko da ake tafiya a hankali kafin a fara buɗe wa inji wuta. A inji dalilin a fili yake, ƙarafa ne ke gugar juna har su zauna. A firi-amf babu abin da ke gugar wani, saboda haka ya kamata a rarrabe abubuwa huɗu da mutane ke cakuɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na farko shi ne ɗumi na kullum. Katod yana fara aiki cikin daƙiƙa 15 zuwa 30, amma sauran sassan na'urar kan ɗauki minti 15 zuwa 30 kafin zafinsu ya tsaya wuri ɗaya. Wannan yana faruwa duk ranar da aka kunna, ko da na'urar ta shekara 10. Mutane da yawa da ke cewa sautin ya gyaru bayan horo, bambancin na'ura mai sanyi da mai ɗumi kawai suka ji.

Na biyu shi ne zaman sabon bawul. An riga an farfaɗo da katod a masana'anta, amma yawan ƙwayoyin da yake saki kan ɗan motsa sama ko ƙasa a sa'o'in farko kafin ya daidaita. Wannan sauyi ne da ake iya aunawa da mita, kuma mafi yawansa yana ƙarewa cikin 'yan gomomin sa'o'i. A firi-amf da aka tsara da kyau tasirinsa a kan sauti kaɗan ne.

Na uku shi ne kafasita, musamman irin mai ruwan sinadari a ciki da ke tace wutar na'urar. Idan ta daɗe a sito ba a kunna ba, siririn rufin da ke cikinta kan raunana, sai ya sake ginuwa da zarar wuta ta shiga. Wannan kan ɗauki mintuna ko 'yan sa'o'i, kuma ya fi shafar na'urar gwanjo da ta shekara a ajiye.

Na huɗu, wanda ya fi sauran girma, shi ne kunnen mai sauraro. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da sabon sauti kamar yadda ido ke sabawa da sabuwar fuskar waya: ranar farko launin ya yi wani iri, bayan mako guda tsohuwar wayar ce ke zama baƙuwa.

Kamfanoni sun sha bamban wajen adadin sa'o'in da suke ba da shawara. Wasu kan ce 50, wasu 100, wasu ɗaruruwa. Babban amfanin wannan lokaci dai guda ne: yawancin kayan lantarki da suka fito da aibi daga masana'anta a farkon rayuwarsu suke nuna shi. Bawul ɗin da ya wuce sa'o'i 100 lafiya, akwai kyakkyawan zato zai yi dubbai. Don haka horo gwaji ne ga na'urar, kuma dole a kammala shi kafin wa'adin mayar da kaya ya ƙare.

Kafin a jona wuta

A fara da karanta abin da aka rubuta a bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutar gida a Najeriya da Nijar da Gana tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne, mai kaɗawa 50 a daƙiƙa. Na'urar da aka ƙera don Amurka bolt 120 take sha, ta Jafan kuma 100. Idan aka jona irin wannan kai tsaye a bango, tiransifomar cikinta na iya ƙonewa nan take. Wasu na'urorin suna da ɗan maɓallin zaɓi tsakanin 115 da 230, a tabbatar yana kan 230. Waɗanda ba su da shi sai an haɗa su da tiransifoma mai rage wuta. Ƙananan firi-amf masu adafta ta bolt 12 kuwa, a yi amfani da adaftar da ta zo da su, ko wadda ta yi daidai da ita a bolt da amfiya.

Sai a duba kowane bawul da ido. A saman gilashin ko a gefensa akwai tabo mai sheƙi kamar madubi. Bariyam ne aka fesa don ya riƙa tsotse ragowar iskar da ta saura a ciki. Muddin yana sheƙi ko ya yi duhu, kwalbar a rufe take. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ɗin ya mutu, kada a kunna shi. A duba ƙafafun ko akwai wadda ta lanƙwashe.

Wajen saka shi, za a ga akwai giɓi a da'irar ƙafafun, akwai irinsa a soket. A daidaita su, a danna a miƙe tare da ɗan jujjuyawa kaɗan, ba da ƙarfi ba. Taɓa gilashin da hannu ba ya lalata shi, sai dai gumi kan goge rubutun lambar da ke jiki, don haka riƙewa da ƙyalle ya fi. Idan kamfanin ya sa wa kowane bawul lamba, a saka shi a ramin da ke da wannan lamba.

Kada a musanya bawul da wani don kawai ƙafafunsu sun yi kama. 12AX7 da 6922 duka ƙafa tara gare su kuma suna shiga soket ɗaya, amma hitar 12AX7 na iya aiki da bolt 12.6 ko 6.3, alhali ta 6922 bolt 6.3 kaɗai take ɗauka. Idan aka saka 6922 a ramin da ke ba da 12.6, hitarsa za ta ƙone.

Wuri ma yana da muhimmanci. A bar sarari na aƙalla santimita 10 zuwa 15 a samanta, kada a ɗora komai a kai, kada a kulle ta cikin kabad. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasita gida biyu, kuma ɗakin da ke da zafin bazara ya riga ya ci wani kaso na wannan lissafi. A nisanta ta daga sifika don kada jijjiga ta riƙa kaɗa gilashin, a nisanta ta daga rauta da caja. A lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, amma sai bayan ta huce.

Gargaɗi mafi girma: kada a buɗe murfin. A cikin cikakkiyar firi-amf mai bawul akwai wuta mai ƙarfin bolt 150 zuwa 300, kuma kafasitocin na iya riƙe ta bayan an zare fulogi. Wannan wuta tana iya kisa. Duk gyaran da ya wuce canza bawul na ƙwararren mai gyara ne.

Jerin kunnawa da kashewa

Wannan shi ne abin da ya fi ceton sifika. Yayin da bawul ke ɗaukar zafi, wutar da ke mafitar firi-amf kan yi tsalle. Idan babbar amfilifaya na kunne, za ta ninka wannan tsalle ta watsa wa sifika, a ji "ɗum" mai ƙarfi, wanda ka iya lalata ta.

Wajen kunnawa: a mayar da ƙara zuwa sifili, a kunna tushe, a kunna firi-amf, a jira minti ɗaya, sannan a kunna babbar amfilifaya. Wajen kashewa sai a juya jerin: babbar amfilifaya ta fara mutuwa, a ɗan jira, sannan firi-amf, sannan tushe. Hanya mai sauƙi ta tunawa: babbar amfilifaya ita ce ƙarshen shiga, ita ce farkon fita. Wasu na'urorin suna toshe mafitarsu da kansu na daƙiƙa 30 zuwa 60, amma masu araha da yawa ba su da wannan kariya.

Idan aka ɗauke wuta ana cikin sauraro, abu na farko shi ne a kashe maɓallan duka. In ba haka ba, lokacin da wutar ta dawo komai zai tashi a lokaci guda, kuma sau da yawa da ƙarfin da ya wuce kima take dawowa. Haka nan kafin a tayar da janareta ko a sauya layi. Hitar bawul ba ta son wutar da ta kauce wa ƙa'idarta da fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin 100: in ta yi yawa katod ya tsufa da wuri, in ta yi kaɗan aikinsa ya raunana. Sitabilaiza mai jinkirta kunnawa tana taimakawa sosai. Mai amfani da inbata ya tabbatar irin mai ba da tsaftatacciyar wuta ce mai lanƙwasa kamar ta layi, domin mai arha da ke ba da wuta mai kusurwa tana sa tiransifoma kuka da zafi, kuma kukan yana shiga cikin sauti.

Jadawalin sa'o'i 100

Sa'a ta farko ta kallo ce. A kunna firi-amf ita kaɗai, babbar amfilifaya a kashe. A ga ko kowane bawul ya yi ɗan haske ruwan lemo a tsakiya. Wasu ƙananan na'urori suna da fitilar LED a ƙarƙashin gilashin don ado, hasken hita daban yake, ɗan ɗigo ne a sama ko a ƙasa. Ɗan ƙaurin sabon fenti ba matsala ba ne, amma ƙaurin roba mai ƙonewa ko hayaƙi na nufin a zare fulogi nan take. Bayan minti 30 a kunna babbar amfilifaya, ba tare da waƙa ba, a kasa kunne kusa da kowace sifika. 'Yar siririyar "sss" da ba a ji sai an matso al'ada ce.

Daga sa'a ta 2 zuwa ta 10, a riƙa sauraro na sa'o'i biyu zuwa uku a zama ɗaya, da matsakaiciyar ƙara, mutum yana cikin ɗakin. Kashewa ta huce sannan a sake kunnawa washegari yana da amfani, domin zafi da sanyi su ke tona asirin haɗin dalma marar ƙwari.

Daga sa'a ta 10 zuwa ta 50, a yi amfani da ita yadda aka saba, sa'o'i huɗu zuwa shida a rana. Ba a buƙatar wani faifai na musamman ko wata ƙara ta daban, kowace waƙa ta wadatar. Wanda ba ya son damun maƙwabta yana iya barin waƙa na gudana daga waya zuwa firi-amf alhali babbar amfilifaya na kashe, domin bawul ɗin na aiki ko ana ji ko ba a ji. Abin da ba a yi shi ne kunna babbar amfilifaya mai bawul ba tare da sifika a jone ba. Wannan na iya lalata tiransifomar mafitarta.

Daga sa'a ta 50 zuwa ta 100 lokacin yanke hukunci ne. Duk abin da zai zauna ya zauna. Idan sautin bai yi wa mutum daɗi ba a nan, ba zai rikiɗe a sa'a ta 300 ba.

Lissafin yana da sauƙi. Sa'o'i huɗu a rana na nufin kwana 25. Idan wa'adin mayarwa kwana 14 ne, sai a ƙara zuwa sa'o'i takwas, ko a tsaya a 50, wanda ya isa ya fito da yawancin matsaloli. Na'ura mai shan wat 30 za ta ci yunit uku kacal a duk tsawon horon. Kada a bar ta a kunne a fita ko a kwanta barci don a gaggauta. Ƙananan bawul masu kyau kan kai wajen sa'o'i 10,000. A sa'o'i huɗu a rana, wannan ya kusa shekara bakwai. A kunne dare da rana kuwa, shekara ɗaya ta ƙunshi sa'o'i 8,760, wato za su ƙare cikin wata 14.

Haɗa ta da waya

Siginar da ke fita daga ramin iyafis na waya ko 'yar adaftar USB-C ba ta cika wuce bolt ɗaya ba, alhali na'urar CD kan ba da biyu. Idan aka rage ƙarar waya sannan aka murɗa ta firi-amf sosai, hayaniyar bawul ce za a ɗaga tare da waƙar. Daidai shi ne a kai ƙarar waya wajen kashi 80 zuwa 90 cikin 100, a riƙa sarrafawa daga firi-amf. A kashe duk wani tsarin ƙara bes ko gyaran sauti da ke cikin manhajar waƙa, aƙalla a lokacin gwaji.

Abu biyu kan sa a zargi na'urar a banza. Na farko caja: waya a jone da caja marar kyau tana shigo da tsiwa cikin sauti, a zare a ji ko ta ɓace. Na biyu shi ne "dit-dit-dit" ɗin nan da ake ji gab da shigowar kira, wanda siginar GSM ke haifarwa. A sauke waƙoƙin a waya, a sa ta a yanayin jirgin sama, kuma hakan zai hana ƙarar kira fashewa a sifika.

Yadda ake gane ko sautin ya sauya da gaske

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida: idan ana farautar matsala, abu ɗaya ake sauyawa kafin a sake gwaji. Haka ake yi a nan. A tsawon horon kada a matsar da sifika, kada a canza waya ko bawul. A zaɓi waƙoƙi uku da aka sani sarai: ɗaya mai murya a fili, ɗaya mai kiɗa mai nauyi kamar kalangu ko ganga, ɗaya mai kaifi kamar goge ko kuge. A manna ɗan tef a inda maɓallin ƙara yake, domin bambancin desibel ɗaya kacal ya isa ya sa kunne ya ce mai ƙarar ta fi daɗi. A saurara a sa'a ta 1, ta 10, ta 50 da ta 100, kullum bayan ɗumin minti 30, a rubuta abin da aka ji a manhajar rubutu tare da kwanan wata.

Wanda ke son hujja ta ido yana iya jona mafitar firi-amf da kwamfuta ta hanyar katin sauti, da ƙara a ƙasa, ya naɗi waƙa ɗaya a Audacity a ranar farko da ta ƙarshe, ya daidaita ƙararsu, sannan wani ya kunna masa su ba tare da ya faɗa masa wacce ce wacce ba. Idan ya kasa bambancewa, to kunnensa ne ya horu.

Alamomin da horo ba ya magancewa

Gurnani mai kauri da ba ya yankewa: a ajiye waya kusa da sifika da manhajar da ke nuna zanen sauti, kamar Spectroid. Idan layin ya tsaya a 50, galibi matsalar layin ƙasa ce ko waya ta bi kusa da tiransifoma. A jona duk na'urorin a soket ɗaya, a raba wayoyin sauti da na wuta. Idan ya tsaya a 100, zargi na kan sashen tace wuta.

Ƙara kamar ƙararrawa: a rage sauti, a ɗan taɓa kowane bawul da robar fensir. Ɗan "tik" ba komai ba ne, amma wanda ya amsa da dogon amo sassan cikinsa sun saki, yana buƙatar canji.

Tsatsatsa ko rauni a gefe ɗaya: a kashe, a zare fulogi, a jira minti 10 su huce, a musanya bawul na hagu da na dama idan lambarsu ɗaya. Idan matsalar ta bi bawul zuwa ɗaya gefen, shi ne mai laifi, kuma canjinsa ba tsada. Idan ta tsaya inda take, a musanya wayoyin haɗi. Idan har yanzu tana nan, na'urar ce.

Faranti ya yi ja, ko haske ruwan hoda a tsakanin sassan ciki, ko tartsatsi, ko fis da ke yawan tsinkewa: a kashe nan da nan, kada a sake kunnawa, kuma kada a maye fis da wanda ya fi shi girma ko da guntun waya.

A duk waɗannan, a ɗauki bidiyo da waya inda ake jin ƙarar kuma ana ganin na'urar, a aika wa mai sayarwa tun wa'adi bai cika ba. Kwali da rasit su zauna a ajiye har sai an wuce sa'a ta 100.

Bayan horo

Daga nan kulawar kaɗan ce. A ba ta ɗumin minti 15 kafin a zauna sauraro. Idan hutun bai wuce sa'a ɗaya ba a bar ta a kunne, domin yawan kunnawa da kashewa yana gajiyar da hita. Idan ya fi haka a kashe. A rubuta ranar da aka fara amfani da kowane bawul, a kuma tanadi guda biyu na ajiya masu lamba iri ɗaya, tunda ba kowane shagon kayan lantarki ke sayar da su ba. Wanda ke sha'awar gwada bawul na wani kamfani don jin bambanci, yanzu ne lokacinsa, domin ya riga ya san ainihin muryar na'urarsa kuma yana da abin kwatantawa. Sabon bawul ɗin ma a ba shi sa'o'insa na farko ana kallonsa, da jerin kunnawa iri ɗaya.